Manhajar da Ta Ƙi Karɓar 'Yata

Sun gyara! Wallahi sun gyara, jama'a! Yanzun nan na gani. Ina tsugune a bakin famfo da kumfa a hannu, waya ta yi ƙara, na goge hannu a zani na duba, sai ga shi an rufe rahotona, an gyara, har da sunana a ƙasa ana godiya. Sunana fa! Ni da na tsaya a aji huɗu na sakandare. Na yi tsalle har na ture bokiti, ruwa ya malale tsakar gida. Umma ta ɗaga labule ta ce, "Ke, lafiyarki?"

Na ce, "Umma, sun gyara!"

Ta dube ni, ta saki labulen. Kwana huɗu ke nan a gidan nan ba mai yi min doguwar magana. Shi ya sa na taho wajenku, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni.

Ina da 'ya, watanta bakwai. Tsuntsuwa nake ce mata, saboda in ta ji yunwa ba ta kuka, baki kawai take wagewa sama tana jira. Babanta bai gan ta ba. Ina da cikin wata biyar motar da ta ɗauko su daga wurin aiki ta faɗi. Tun daga nan na dawo gidan Yayana. Ɗaki biyu ne da falo, shi da matarsa da yara huɗu, ni da Umma da jaririya a ɗaya ɗakin. Akwatunana suna jere a bayan ƙofa, uku daga ciki har yau ban buɗe ba, don in na buɗe ba inda zan sa kayan.

Sai ga Mai Kemis. Maganin hawan jinin Umma na je saya, ya tambaye ni ko ina gwada mata jinin, daga nan ya karɓi lambata wai don ya riƙa tuna min. Kun san irin tunin. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa aure ba, kullum rigarsa a goge, ƙamshinsa yana riga shi shigowa. Ya san da Tsuntsuwa sarai. Har ɗaukarta yake yana mata wasa da makullin mota.

Matsalar Hajiyarsa ce, da take wani gari. Ta san na taɓa aure, ta haɗiye da ƙyar. Amma ta ce masa ba ta yarda ɗanta na fari ya buɗe gida da renon ɗan wani ba. Da ta tambaye shi ko akwai yaro, ya ce babu.

A falon Yaya ya gaya mana, kansa a ƙasa. Wai a bari a ɗaura tukuna, Tsuntsuwa ta zauna wurin Umma shekara ɗaya, shi kuma zai bi Hajiya a hankali.

Yaya ya ce, "Shekara ɗaya ce fa. Kuma uwarki ce za ta riƙe ta, ba bare ba."

Na ce, "Yaya, nono take sha."

"Ai ba gobe za a yi ba. Kafin lokacin ta isa yaye. Ke, ki dubi gidan nan da kyau. Mutum irin wannan sau nawa yake zuwa?"

Na dubi gidan. Na yarda. Ku zage ni, na cancanta, amma na yarda.

Mai Kemis da kansa ya sa sunana a wani horon gwajin manhajar kwamfuta na kwana goma. Ƙanwarsa, Auta, tana jami'a a nan garin, ita ma za ta je. Ga saƙonsa, ban goge ba:

"Ranki ya daɗe, na san kin iya kwamfuta tun shagon hoto da kika yi aiki. Ki zauna kusa da Auta ta saba da ke, ita Hajiya take jin maganarta. Amma ki riƙe bakinki kan maganar nan."

Na amsa da, "To, Dokta." Haka nake ce masa, shi kuma bai taɓa hana ni ba.

Ranar farko na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi baƙi, na ari jakar matar Yaya. Ɗakin yana hawa na biyu, dogayen tebura uku, laftop ashirin, wayoyin caji sun sarƙe a ƙasa sai ka ɗaga ƙafa kake wucewa. Fanka biyu, ɗaya ta mutu, kowa yana rige-rigen zama ƙarƙashin mai ran. Duk 'yan jami'a ne, Turanci yana zuba kamar famfo ya ɓalle. Ni kaɗai ce suke ce wa Anti.

Malamarmu siririya ce mai gilashi, takalmin gudu a ƙafa, biro a soke a ɗankwali, kullum sai ta neme shi ta rasa. Ta ce manhajar da za mu gwada ta asibiti ce, wadda ake yi wa marasa lafiya rajista da ita. Ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta ta kyauta, a buɗe take, kowa zai iya leƙa cikinta, kowa zai iya kawo gyara, ƙananan asibitoci kuma su ɗauka su yi aiki da ita.

Ta ce, "Ba yabonta na kawo ku ku yi ba. Ku nemo min inda za ta karye. Mu ƙwaro muke ce wa irin wannan matsalar. In kun kama shi, abu uku za ku rubuta: me kuka yi, me kuka zata zai faru, me ya faru. Kuma ku sani, rahoton da kuka tura duk duniya za ta iya karantawa, da sunanku a kai."

Wani dogo a baya ya ce, "Malama, in muka karya ta gaba ɗaya fa?"

"Sai in saya maka lemo."

Wallahi na ji daɗin aikin. Ashe akwai sana'ar da ake son mai tsegumi! Ka danna nan, ka bar can ba komai, ka sa harafi a inda ake son lamba, ka ga ko za ta rikice. Auta kuwa yarinya ce mai shiga rai, ga surutu, ga kyauta, biskit ɗinta sai ta raba biyu. In Turanci ya fi ƙarfina ita take raɗa min.

Abin da ba ta sani ba, ƙarfe sha biyu na yi ƙirjina yake cika ya yi tauri kamar dutse. Hankici biyu nake ninkewa in cusa a riga. In aka ba da hutu in ruga bayi in kulle, in tatse a wurin wanke hannu, ina kallon abincin 'yata yana bin rariya.

Rannan na fito ta ce, "Anti, ke kullum sai kin daɗe a bayi. Ko ulsa ce? Ki gaya wa Yayana mana, ga kemis guda a hannunki."

Na yi dariya. Na koma kujera na ja mayafi na rufe gabana.

Rana ta shida Tsuntsuwa ta tashi da zazzaɓi, ban fito ba sai da jikin ya yi sanyi. Na iso an yi nisa. Ashe da safen Malama ta ja musu kunne cewa kada wanda ya sa bayanan mutum na gaske a gwaji, a ƙirƙiro na ƙarya. Ni ban ji ba. Na tarar ana gwada shafin rajistar yara, kowa yana ta ƙirƙiro iyali. Uba shekara arba'in, uwa talatin, yara biyu, kowa da ransa da lafiyarsa. Dogon nan har ya yi wa kansa 'yan uku.

Ni kaina ba ya tare da ni, yana gida. Yatsuna suka rubuta abin da suka sani. Sunan yarinya. Ranar haihuwa. Sunan uwa. Sunan uba. Sai ga tambaya: yana raye ko ya rasu? Na danna ya rasu. Wani akwati ya buɗe yana son rana. Na sa. Ranar nan ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta.

Na danna ajiye. Sai jan rubutu ya fito. Turancina kaɗan ne, amma wannan ban nemi Auta ba: ranar rasuwar uba ba za ta riga ranar haihuwar yaro ba, a gyara.

Na ce ko na yi kuskure ne. Na sake sawa. Ja. Na sake. Ja.

A gyara me? In gyara ranar da aka kira ni a waya ina tsakiyar shanya? Ko in gyara ranar da na haife ta, Umma ce kaɗai a bakin ƙofa? Jama'a, ban san hawaye na zuba ba sai da na ga ɗigo a kan madannai.

Malama ta zo ta tsaya a bayana. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire gilashi.

"Wa ya ba ki wannan dabarar?"

Na ce, "Ba dabara ba ce, Malama."

Sai ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta rage murya. "Wannan ƙwaro ne na gaske, 'yar'uwa. Wanda ya rubuta wurin nan bai taɓa tunanin mace za ta haihu bayan mijinta ya rasu ba. Mu ashirin a ɗakin nan, har da ni, ba wanda ya yi tunanin." Ta ɗauki hoton allon, ta shafe sunayen da baƙi, ta ce, "Ba a sa na gaske, amma ba ki nan na faɗa. Zo mu rubuta."

Muka rubuta, ni ina faɗa da Hausa tana juyawa. Me na yi, me na zata, me ya faru. Aka tura da sunana. Ta haska shi a bango ta ce kowa ya duba, ga yadda ake kama ƙwaro. Aka yi tafi. Dogo ya ce, "Anti ta ci lemo!"

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba. Auta tana gefena tun kafin a shafe sunayen.

Ta ce a hankali, "Anti, sunanki na gani a wurin uwa."

Ta dubi mayafina, inda ya jiƙe ya manne. Ta ɗauki jakarta ta koma teburin baya, ƙarƙashin matacciyar fanka.

Kafin in isa gida saƙo huɗu sun shigo daga Mai Kemis.

"Me kika yi?"

"Auta ta kira ni tana kuka, wai na mai da ita sakarya."

"Na ce mata 'yar ƙawarki ce kika ara don gwaji, sunanki kika sa don sauri. Ta ce ba za ta gaya wa Hajiya ba sai ta tabbatar."

"Kada ki ƙara rubuta komai."

Washegari masu kula da manhajar suka amsa a ƙarƙashin rahoton. Malama ta karanta min. Wai sun gode, amma suna tambaya: wannan ya faru da wani yaro da gaske ne, ko gwaji ne kawai? In gwaji ne za su sa shi a layi, akwai rahoto sama da ɗari huɗu a gabansa. In kuwa akwai yaro na gaske da abin ya shafa, da shi za su fara. Haka tsarinsu yake, hannu kaɗan ne, aiki da yawa.

Auta ma ta karanta. Duk ajin sun karanta.

Da yamma Mai Kemis ya zo. Farar riga, agogo mai baƙin madauri, amma ranar ko zama bai yi da kyau ba, a bakin kujera ya ɗosana. Yaya yana gefe, Umma tana bakin ƙofa da Tsuntsuwa a kafaɗa. Yarinyar ta miƙa masa hannu tana wage baki, ta gane mai makulli. Bai kalle ta ba.

Ya ce, "Abin ya zo da sauƙi. Kalma biyu ce. Ki rubuta musu gwaji ne. Auta ta gani, magana ta mutu."

Na ce, "Dokta, in na ce gwaji ne ba za su gyara ba."

"To sai me? Ke kika rubuta manhajar? Za su gyara wata rana."

"In aka kai wata yarinya irin tawa asibiti fa?"

Yaya ya ce, "Ji min shirme! Yaran duniya ne a gabanki ko rayuwarki? Kwana bakwai kin taɓa kwamfuta har kin zama mai ceton al'umma?"

Mai Kemis ya sassauta murya, irin muryar nan da take kashe min jiki. "Ranki ya daɗe, ba ƙin ta nake ba, Allah ya sani. Lokaci kawai nake nema. Ki taimake ni in taimake mu."

Na juya wurin Umma. Na zata za ta ce wani abu. Ta gyara wa yarinyar hula, ta ce, "'Yar nan, ni na tsufa. Ina so in ga kin samu ɗakinki kafin in kwanta. Iyakar abin da na sani ke nan."

Wannan ta fi ta Yaya ciwo. Na ce musu to.

Da safe na shiga aji da niyyar rubuta gwaji ne. Wallahi da niyyar na shiga. Na buɗe shafin, na ɗora yatsu. Malama ta lura, ta zo ta raɗa min, "Ba dole sai ke za ki amsa ba. Zan iya rubuta cewa mun san wata da abin ya shafa, ba suna. Za su yarda da ni."

Kun ji hanya mai sauƙi ko? Su gyara, Auta ta zauna cikin shakka, aure ya tsira. Na kusa cewa to. Amma sai na ga hoton allon nan a saman shafin, jan rubutun yana nan, an shafe sunan 'yata da baƙi. Injin da bai san komai ba ya ce babu irinta. Wanda zai aure ni ya ce babu ita. Yayana ya amince. Saura ni kawai.

Na ce, "Malama, juya min wannan. Gaske ne. 'Yata ce. Watanta bakwai. Babanta ya rasu wata huɗu kafin a haife ta."

"Kin tabbata? In ya hau, ko kin goge wasu sun riga sun gani."

"Juya kawai."

Ta juya. Ni na danna da yatsana. Daga teburin baya na ji an ja kujera, Auta ta fita, ba ta dawo ba sai bayan hutu, idonta jawur. Har aka gama horon ba ta ƙara yi min magana ba. Ranar ƙarshe dai na tarar da rabin biskit a kan laftop ɗina, ban san me zan ɗauke shi ba.

A gida Yaya ya ce tunda na fi kowa sani, in nemi mai aurena a cikin kwamfutar. Matarsa ta karɓi jakarta. Umma tana karɓar Tsuntsuwa in zan yi wanka, tana miƙo min ita in na fito, shi ke nan. Mai Kemis kuwa ɗif, kwana huɗu, ko sallama.

To amma ku ji abin da ya sa nake tsalle! Bayan amsata, wata nas daga wata ƙasa mai nisa ta rubuta a ƙasa. Malama ta turo min fassarar. Ta ce shekara biyu ke nan in irin yaran nan suka zo asibitinsu, sai dai ta danna uba yana raye, ko ta matsar da ranar rasuwar, don manhajar ta karɓa. Ta ce kullum sai ta ji kamar ta ci amanar uwar, amma ba ta san ana kai ƙara ba. Wani ma ya zo ya ce su ma haka. Yau da safe aka gyara. Malama ta ce in gwada da kaina a waya, shi ne ƙa'ida, wanda ya kama ƙwaro shi yake tabbatar da ya mutu. Na tsaya a jiƙaƙƙen tsakar gidan nan na sa ranakun biyu, na danna ajiye. Kore! Ta karɓe ta, jama'a. Ta karɓi 'yata.

Ina cikin wannan ne saƙon Mai Kemis ya shigo, na farko tun ranar.

"Na ga abin da kika rubuta. Na yi fushi amma na huce. Auta ta yi alkawarin yin shiru. Hajiya ba ta shiga irin wuraren nan, ba za ta taɓa gani ba. In kin bar maganar a nan, har yanzu muna kan shirinmu. Ina jiran amsarki kafin yamma."

Na karanta sau biyar. Ina son mutumin nan, kada ku ce ba na son sa. Na san in ya tafi, ɗakin nan ne da akwatuna a bayan ƙofa, da fuskar Yaya, da shirun Umma, wa ya san har yaushe. Yanzu haka da nake muku rubutu, ga Tsuntsuwa a cinyata tana jan igiyar caja.

Ban amsa masa ba. Ku nake roƙo. Duk wadda ta karanta wannan ta tura wa 'yar'uwarta, ta tura guruf ɗin unguwa, na makaranta, na 'yan biki. Wadda ta san wata nas ta gaya mata a sabunta manhajar, an daina yi wa marayu ƙarya. Kuma in a cikinku akwai wadda ta san wata Hajiya a wani gari, mai ɗa mai kemis da auta a jami'a, kada ki tsallake ta. Ki karanta mata tun daga farko, a hankali, ki gaya mata yarinyar watanta bakwai, haƙoranta biyu.